Buster Keaton da kwantiragin 1928: yadda ɗan wasa ya rasa sutudiyon da bai taɓa mallaka ba

A watan Janairu na 1928, ɗan wasan barkwancin Amurka Buster Keaton ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin Metro-Goldwyn-Mayer, wanda aka fi sani da MGM, a kan albashin dala 3,000 kowane mako. A lokacin yana da shekara 32, ya kuma riga ya kammala gajerun finafinai 19 da dogaye 10 a ƙaramin sutudiyon da ke ɗauke da sunansa, cikinsu har da waɗanda a yau ake lissafa su a sahun farko na finafinan zamanin da fim ba ya magana. Shekara biyar bayan wannan sa hannu, a watan Fabrairu na 1933, kamfanin ya sallame shi. Aurensa ya mutu, an raba shi da 'ya'yansa, giya ta fi ƙarfinsa, kuma babu wani babban kamfani a Hollywood da ke son ɗaukarsa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa zuwan sauti ne ya kashe masa kasuwa, kamar yadda ake faɗa game da taurari da yawa na wancan zamani. Idan aka bi lamarin daki-daki, wannan bayani bai tsaya da ƙafarsa ba, domin finafinansa masu magana sun fi na da kawo kuɗi. Abin da ya rasa a 1928 shi ne ikon yin aiki ta hanyar da ya iya, kuma ya rasa shi cikin sauƙi ne saboda tun farko ikon ba a hannunsa yake a rubuce ba.

Tasowarsa a kan dandamali

An haifi Joseph Frank Keaton ranar 4 ga Oktoba 1895 a wani ƙaramin gari mai suna Piqua a jihar Kansas, inda iyayensa, Joe da Myra, suka yada zango tare da ayarin masu tallan magani da wasa. Tun yana ɗan shekara biyar ya zama cikakken ɗan ƙungiyar iyayensa a wasannin dandamali da ake kira vaudeville, waɗanda ake jera mawaƙa da 'yan rawa da masu dabo da masu barkwanci a zama guda. Wasan nasu na jifa ne da faɗuwa: uban yakan ɗaga yaron ya wurga shi jikin labule ko cikin ramin makaɗa, har an ɗinka masa mariƙin akwati a bayan rigarsa domin a ji daɗin ɗaukarsa. Ƙungiyar kare yara ta birnin New York ta sha kai ƙarar iyalin, amma Keaton ya dage har ƙarshen rayuwarsa cewa an koya masa faɗuwa ne yadda ba zai ji ciwo ba. A nan ne ya gano cewa idan ya yi murmushi bayan an jefar da shi, dariyar 'yan kallo takan ragu, idan kuwa ya ɗaure fuska takan ƙaru, sai ɗaurarriyar fuskar ta zama tambarinsa. Makaranta kuwa, a faɗarsa, kwana ɗaya ya taɓa yi a aji. Ya tashi ya san duk abin da ke sa mutum dariya, bai san komai ba game da takardun yarjejeniya da lissafin kamfani, domin a ƙungiyar iyalin ma wasu ne ke riƙe da wannan ɓangare.

A 1917 shan giyar mahaifinsa ya sa wasan jifar ya zama haɗari na gaske, sai ƙungiyar ta watse. Keaton ya tafi New York, ya sami gurbi a wani babban wasan dandamali a kan dala 250 a mako, amma kafin a fara sai ya ziyarci sutudiyon da Roscoe Arbuckle ke ɗaukar gajerun finafinan barkwanci. Aka sa shi a fim ɗin da ake ɗauka a ranar, ya nemi aron kyamara ya tafi da ita masauki ya kwance ta ya mayar, daga nan ya ajiye aikin dala 250 ya karɓi na dala 40. Wanda ke biyan wannan albashi shi ne Joseph Schenck, furodusan Arbuckle, mutumin da zai riƙe ragamar harkokin Keaton shekara goma sha ɗaya masu zuwa.

Yadda ake aiki a Lillian Way

Da Arbuckle ya koma yin dogayen finafinai a 1920, Schenck ya ba Keaton ragamar rukunin, ya sama masa wani ƙaramin sutudiyo a titin Lillian Way a Hollywood, wanda Charlie Chaplin ya taɓa aiki a cikinsa. Tsarin aikin wurin shi ne ginshiƙin wannan nazari, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikatan 'yan kaɗan ne, kuma suna kan albashi duk shekara ko ana ɗauka ko ba a yi. Akwai masu ƙirƙiro dabarun ban dariya irin su Clyde Bruckman da Jean Havez da Joseph Mitchell, akwai mai kyamara Elgin Lessley, akwai kuma Fred Gabourie wanda ke gina duk wata na'ura ko gida ko jirgin da labari ya buƙata. Ba a rubuta cikakken labari kafin a fara. Keaton yakan ce idan suka sami mafari mai kyau da ƙarshe mai kyau, tsakiya za ta kula da kanta. Idan tunani ya toshe, sai a ajiye kyamara a fita fili a buga wasan ƙwallon sanda na Amurkawa har dabara ta faɗo wa wani, kuma wannan jira ba ya ƙara wani kuɗi mai yawa tun da albashin kowa yana tafiya ko ta yaya.

Misalin da ya fi nuna amfanin tsarin shi ne fim ɗin Seven Chances na 1925. Keaton bai so labarin ba, Schenck ne ya saya masa, kuma da aka nuna wa 'yan kallon gwaji sai aka ga fim ɗin bai yi armashi ba, in ban da wuri guda kusa da ƙarshe inda ya tunkuɗe wasu duwatsu bisa kuskure yana gudu a gangaren tudu, suka biyo shi, mutane suka kwashe da dariya. Sai ya sa aka ƙera duwatsun bogi masu yawa, manya da ƙanana, aka koma tudun aka sake ɗauka, aka sami ɗaya daga cikin fitattun guje-gujen tarihin fim. Bai nemi izinin kowa ba, babu ofishin da ya tsaya lissafa kuɗin duwatsun kafin a amince. A wannan yanayi ne ya yi The Playhouse a 1921, inda Lessley ya riƙa rufe sassan gilashin kyamara yana mayar da faifai baya da hannu har aka ga Keaton tara a kan dandamali guda, da The Navigator a 1924, wanda aka gina labarinsa gaba ɗaya a kan wani tsohon jirgin ruwa mai suna Buford da aka yi haya.

Duk abubuwan haɗari da kansa yake yi, kuma yana son a ɗauke su daga nesa ba tare da yanka ba, domin mai kallo ya tabbata babu ha'inci. A wurin ɗaukar Sherlock Jr. a 1924, ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan ƙarfen dogo, ya tashi ya ci gaba da aiki da ciwon kai, sai bayan shekaru likita ya ga a hoton ƙashi cewa wuyansa ya taɓa tsagewa. A Steamboat Bill, Jr. kuma ya tsaya cak aka sako masa bangon gaban gida mai nauyin kusan tan biyu, ya tsira ta cikin tagar sama wadda tazarar da ke tsakaninta da kafaɗunsa ba ta wuce inci kaɗan ba.

Na wa ne sutudiyon?

Sunan kamfanin Buster Keaton Productions, amma Keaton ba shi da hannun jari a ciki. Schenck da abokan kasuwancinsa ne masu shi, Keaton kuwa ma'aikaci ne mai albashi da wani kaso na riba, kuma haƙƙin mallakar finafinan na kamfanin ne. Nan ne ya bambanta da abokan gasarsa biyu. Chaplin ya gina nasa sutudiyon, yana cikin mutum huɗu da suka kafa kamfanin rarraba finafinai na United Artists a 1919, kuma finafinansa nasa ne. Harold Lloyd ma ya kafa nasa kamfanin ya riƙe mallakar aikinsa. Keaton ya dogara ne ga amana, amanar kuma har da ta surukuta, domin a 1921 ya auri Natalie Talmadge, ƙanwar tauraruwa Norma Talmadge, matar Schenck. Muddin Schenck yana jin daɗin tsarin, Keaton yana da 'yancin da ya yi daidai da na Chaplin. Ranar da ya daina, babu takardar da za ta kare shi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya girgiza tsarin shi ne The General, wanda aka ɗauka a bazarar 1926 a kewayen garin Cottage Grove na jihar Oregon, bisa wani lamari na gaske da ya faru a 1862 lokacin yaƙin basasar Amurka, sa'ad da 'yan leƙen asirin Arewa suka sace kan jirgin ƙasa a yankin Kudu. Keaton ya nemi tsofaffin kawunan jirgi masu cin itace, ya ɗauki ɗaruruwan sojojin jihar su fito a matsayin rundunonin biyu, tartsatsin jiragen ya tayar da gobarar daji da ta tsayar da aiki, sannan a ranar 23 ga Yuli ya sa aka tura jirgi na gaske kan gada mai cin wuta ya rufta cikin kogi. Wannan ɗauka guda ta ci kimanin dala 42,000, kuma ana yawan kiranta mafi tsada a duk zamanin finafinai marasa magana. Gawar jirgin ta zauna a kogin har lokacin yaƙin duniya na biyu kafin a kwashe ta a narkar. Adadin da aka fi ambata na kuɗin fim ɗin gaba ɗaya dala 750,000 ne, abin da ya samo a cikin Amurka kuwa bai kai dala 500,000 ba. Masu sharhi a jaridu sun ce ya yi tsawo kuma dariyarsa ta yi kaɗan, wasu ma sun ƙi jinin a yi barkwanci da mutuwar sojoji.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba. Dogayen finafinansa na farko kamfanin Metro ne, daga baya MGM, yake rarraba su, kuma bayansa akwai jerin gidajen sinima na kamfanin Loew's. Da Schenck ya zama shugaba a United Artists sai ya mayar da finafinan Keaton can, alhali wannan kamfani ba shi da irin wancan ƙarfin kai fim ko'ina. Finafinai uku na ƙarshe, wato The General da College da Steamboat Bill, Jr., duk ta wannan hanya suka fita, kuma babu wanda ya gamsar a kasuwa. Schenck ya fara ɗora masa mai sa ido kan kashe kuɗi, Harry Brand, daga baya ya sanar da shi cewa zai rufe sutudiyon, ya kuma ba shi shawarar komawa MGM, inda ƙaninsa Nicholas Schenck ke shugabantar uwar kamfanin, wato Loew's, tun 1927. Keaton ya ba da labarin cewa Chaplin da Lloyd duk sun gargaɗe shi kada ya je. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai masu yin sa suna da abin da shi ba shi da shi, wato jari da mallaka, ga shi kuma yana ɗauke da nauyin katafaren gida irin ginin Italiya da ya gina a Beverly Hills a kan kusan dala 300,000. A littafin tarihin rayuwarsa na 1960 ya kira wannan mataki kuskure mafi muni da ya taɓa yi.

A Culver City

MGM masana'anta ce da ke fitar da kusan fim ɗaya kowane mako daga sutudiyonta na Culver City, ƙarƙashin Louis B. Mayer da matashin shugaban shirye-shirye Irving Thalberg. Ba za a iya tafiyar da irin wannan wuri ba sai kowane fim yana da rubutaccen labari da aka amince da shi, da jadawalin kwanaki, da kasafin da aka ƙayyade tun kafin a kunna kyamara, kuma kowane sashe yana cajin fim kuɗin aikin da ya yi masa. Abin da ya kasance jira marar tsada a Lillian Way ya zama asara a rubuce a Culver City. Ma'aikatan Keaton aka rarraba su cikin sassan kamfanin, Gabourie ya koma kula da gine-ginen finafinan kowa da kowa. Aka naɗa masa furodusa, Lawrence Weingarten, mijin 'yar'uwar Thalberg, wanda gwanintarsa ba a barkwancin jiki take ba.

Fim ɗinsa na farko a can, The Cameraman na 1928, ya nuna cewa tsohuwar hanyar tana da sauran rai. Keaton ya ce marubuta 22 ne suka sa hannu a labarin, suka cika shi da 'yan daba da makirce-makirce, amma da aka je ɗauka a New York abubuwa suka ƙi tafiya yadda aka rubuta, sai ya roƙi Thalberg ya bar shi ya ajiye takardun. Wuraren da aka fi tunawa a fim ɗin a nan take aka ƙirƙire su, kamar inda ya shiga filin wasan Yankee babu kowa ya buga wasan ƙwallon sanda shi kaɗai, yana jifa yana duka yana gudu, da inda shi da wani ƙato suke ƙoƙarin tuɓe kaya a ɗan ƙaramin ɗakin sauya tufafi guda. Fim ɗin ya ci riba, kamfanin ma ya riƙa nuna shi ga sababbin 'yan barkwancinsa a matsayin abin koyi. Darasin da shugabannin suka ɗauka, duk da haka, shi ne cewa tsarinsu ne ya gyara Keaton, saboda haka a fim na gaba suka ƙara matse shi.

A nan ne batun sauti ya shigo, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa ba tare da an ɗora masa abin da ba nasa ba. Bayan fitowar The Jazz Singer a watan Oktoba na 1927, kamfanoni suka yi rububin komawa fim mai magana. Na'urorin farko sun takura aiki ƙwarai: an kulle kyamara cikin akwati don kada ƙararta ta shiga, 'yan wasa suna tsayawa kusa da makirfo, an kuma tsayar da gudun faifai a hoto 24 cikin daƙiƙa, alhali a da mai kyamara yakan rage juyin hannunsa domin gudu da faɗuwa su fito da sauri. Wannan duk ya cutar da barkwancin jiki. Amma Keaton bai ji tsoron sauti ba. Muryarsa mai kauri ce kuma ta dace da fuskarsa, ya saba magana da waƙa tun yana yaro a dandamali, har ya nemi a yi fim ɗinsa na biyu a MGM, Spite Marriage na 1929, da magana, aka hana shi. Ra'ayinsa shi ne a yi magana inda mutum zai yi magana a rayuwa, a yi shiru inda aiki ya isa. Kamfanin kuwa yana ganin tun da an sayi makirfo, dole a cika shi da zance.

Daga Free and Easy na 1930 aka sauya masa hali gaba ɗaya. A finafinansa na da, jarumin mutum ne mai shiru wanda duniya ta fi ƙarfinsa amma yake warware matsala da basira da naci. A MGM aka mayar da shi wani dolo, sau da yawa mai suna Elmer, wanda ake yi wa dariya saboda wautarsa, aka cika bakinsa da wasan kalmomin da marubuta suka tsara. Aka fara sa wani ya yi masa wuraren haɗari, domin kamfani ba zai bar kadararsa mai tsada ta karye ba, shi kuwa yana cewa wanda aka ɗauka don faɗuwa kawai ba ya ba da dariya. Tun da ba a ƙware da ɗora wata murya a kan fim ba tukuna, sai aka riƙa sake ɗaukar wasu finafinan da Sifaniyanci ko Faransanci ko Jamusanci, yana haddace kalmomin da bai san ma'anarsu ba, wato yana maimaita aikin da ya tsana sau biyu ko uku. A 1931 aka ba shi Sidewalks of New York ƙarƙashin daraktoci biyu, Jules White da Zion Myers, waɗanda aikin da aka san su da shi a kamfanin shi ne gajerun finafinan karnuka sanye da tufafi. Ya yi ƙorafi, aka ce ya yi, ya yi, fim ɗin kuma ya kawo kuɗi fiye da waɗanda ya yi da hannunsa. Daga 1932 aka haɗa shi da Jimmy Durante, ɗan barkwanci mai surutu da ƙaraji, a finafinai uku, inda Keaton ya koma mai tsayawa gefe ana magana a kansa.

Wannan riba ita ce ta rufe masa baki. Mutumin da finafinansa uku na ƙarshe na cin gashin kai suka gaza a kasuwa ba shi da hujjar da zai kai wa Thalberg cewa hanyarsa ta fi, tun da littafin lissafi yana nuna akasin haka.

Rabon alhaki

Ba daidai ba ne a mayar da MGM dodo. Thalberg yana son Keaton, albashin da ake biyansa babba ne a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1929, kuma ta ma'aunin da kamfani ke aunawa, shawarwarinsu sun yi daidai. Laifinsu shi ne sun sayi mai shirya fim suka yi amfani da shi a matsayin ɗan wasa kawai, domin ba su taɓa gane cewa shi ne ke tsara finafinansa ba. Shi ma ya taimaka wajen wannan rashin ganewa, saboda a zamanin Lillian Way yakan bar sunan wani a matsayin darakta ko da shi ya yi yawancin aikin. Schenck kuma, wanda ya ba shi shekara takwas na 'yancin da ba kowa ya samu ba, ya yanke shawarar ƙarshe ne bisa abin da ya dace da kasuwancinsa da na ɗan'uwansa.

Nasa alhakin ya fi bayyana a yadda ya karɓi lamarin. Keaton ba mai jayayya ba ne. Idan aka ƙi shawararsa yakan yi shiru ya koma masaukinsa ya sha. Aurensa da Natalie ya daɗe da lalacewa, shi ma yana neman mata a waje, a 1932 ta sami saki, ta tafi da 'ya'yansu maza biyu, daga baya ta sauya musu suna zuwa Talmadge. Ya fara makara da ƙin zuwa aiki, abin da ke tsayar da ɗauka ya jawo wa kamfani asara. A farkon 1933, ana cikin aikin What! No Beer?, ya tafi Mekziko ya auri ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, Mae Scriven, auren da daga baya ya ce bai ma tuna an ɗaura ba. Thalberg, wanda zai iya kare shi, yana jinyar bugun zuciyar da ya same shi a watan Disamba na 1932, sai Mayer ya aika masa takardar sallama. Abin lura shi ne giyar ba sabuwa ba ce a rayuwarsa, amma a shekarun da yake da aikin da ke cin tunaninsa dare da rana ba ta hana shi fitar da dogon fim biyu a shekara ba.

Abin da ya biyo baya

A 1934 ya bayyana wa kotu cewa ya karye, a 1935 aka kwantar da shi a asibiti saboda shaye-shaye. Ya yi fim ɗaya a Faransa da ɗaya a Ingila, sannan gajerun finafinai masu arha, 16 a kamfanin Educational da 10 a Columbia. A 1937 ya koma MGM ɗin da ta kore shi, wannan karon a matsayin mai ƙirƙiro dabarun ban dariya ga wasu, a kan dala 100 a mako, inda ya yi wa 'yan'uwan Marx da Red Skelton, fitattun 'yan barkwanci, aiki. Aurensa na uku da Eleanor Norris a 1940 ya daidaita masa rayuwa, ya rage sha, ya koma dandamali a gidan wasan Medrano na birnin Paris a 1947, ya kuma shiga talabijin tun farkon zuwanta. Wata maƙala da mai sharhin finafinai James Agee ya rubuta a mujallar Life a 1949 ta tuna wa Amurkawa da shi, a 1952 ya fito tare da Chaplin a fim ɗin Limelight, a 1960 aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa, a 1965 kuma 'yan kallo suka miƙe tsaye suna masa tafi a bikin finafinai na Venice. Ya rasu ranar 1 ga Fabrairu 1966 da ciwon dajin huhu, yana da shekara 70, a gidan da ya saya a Woodland Hills da dala 50,000 da aka biya shi don a yi fim a kan rayuwarsa.

Finafinan kansu saura ƙiris su salwanta, domin a kan faifai mai saurin ruɓewa da kama wuta aka ɗauke su, kuma kamfanin da ya mallake su ya daina aiki, babu mai kula. Wasu kwafe an tsinto su ne a wani ɗaki na tsohon gidansa na Beverly Hills bayan ɗan wasan Ingila James Mason ya saye shi. Wani mai tara tsofaffin finafinai, Raymond Rohauer, wanda ya haɗu da Keaton a 1954, shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su kan sabon faifai ya sake fitar da su a Turai da Amurka, kuma ta wannan hanya yawancin haƙƙoƙin suka koma hannun Rohauer. The Cameraman an ɗauka ya ƙone a gobarar rumbun MGM ta 1965, sai a 1968 aka sami kwafinsa a Paris. The General kuwa, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa cikin finafinai 25 na farko da aka zaɓa don adanawa a 1989, tun tsakiyar shekarun 1950 ya zama na kowa da kowa a dokar Amurka, saboda lokacin sabunta rajistar mallakarsa ya zo ya wuce ba wanda ya je ya sabunta.